Hannun Hagun Kurciya

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da yara, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya. Yaya ƙafar nan da ke damun ki in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan da sauran numfashi, sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Ba ni da waya yanzu. Ni na buga ta da bango ranar da likita ya gama yi mini bayani, kuma ban nemi wata ba, don na gaji da muryar masu jaje. Direban da ke bin hanyarku ya ce zai riƙa kai miki saƙo har ƙofar asibitinku.

'Yata Kurciya ta dawo gida daga asibiti bayan kwana arba'in da ɗaya. Kin dai ji a bakin dangi: ta kawo mini ruwa shago da tsakar rana, katako ya zamo daga inda nake jingine su ya same ta a gefen kai na dama. An yi mata aiki. Tana tafiya, tana ɗan jan ƙafa. Amma hannun hagu ya dunƙule kamar wadda ta ɓoye alewa tana tsoron a ƙwace. Yarinyar da ke yi wa 'yartsanarta kitso tun tana shekara biyar, yau ko wando sai an ja mata.

Kuma ba hannun kaɗai ba. Ta fasa faranti huɗu. Shekaran jiya ta ciji uwarta a damtse har jini. In ta ji takuna a ƙofa sai ta shige ƙarƙashin gado. Uwarta ta ce ciwon ne.

Likita ya ce nasa aikin ya ƙare, saura na masu koya wa yara amfani da hannu, riƙon cokali da sa riga da ɓalla maɓalli, kuma babu irinsu a nan. Na ce masa ai a gidanmu akwai. Shekara nawa ina yi miki dariya cewa kin yi dogon karatu kin ƙare a wasan yara? Yau bakin da ya yi dariyar shi ne yake roƙo. Ki gaya mini abin da zan yi, ni mai aikin hannu ne, duk abin da kika ce zan ƙera. Na sa takardar likitan a cikin ambulan.

Ƙanenki,
Garwashi, tunda har yau kin ƙi daina kira na haka.

*

Garwashi ƙanena,

Takardarka ta iso, na gane ta tun daga nesa da rubutun nan naka mai kama da tonon kaji. Mu duka lafiya lau. Ƙafa kuwa ta saba da ni, na saba da ita. Ka gaishe mini da Maman Kurciya sosai. Kwana arba'in a kan bencin asibiti ba ƙaramin abu ba ne.

A tsaye nake rubuta maka, yaro ɗaya ya fita, wani na jira a ƙofa. Da za ka leƙo ɗakin nan da ka ƙara dariya: tabarmin roba, dogon madubi, yumɓu, kwalabe masu murfi, da roba cike da wake da muke ɓoye maɓallai a ciki yara su tono. Da waɗannan na ga yaron da inji ya murƙushe wa yatsu ya koma yana ɗaure takalminsa.

Ka fara sanin wannan: hannun bai mutu ba. Hanyar da ke tsakanin kai da hannun ce ta toshe, kuma ƙwaƙwalwar yaro takan fitar da sabuwa in ana bi kullum, kamar yadda sawu ke fitar da turba a cikin ciyawa.

Ga aikinka, kafinta. Ka yi mata kujera daidai tsayinta, mai wurin ɗora hannu, tafin ƙafarta na taɓa ƙasa. Ka sa wa cokalinta mariƙin katako mai kauri kamar na zarto. Uwarta kuma ta riƙa tsoma hannun a ruwan ɗumi safe da yamma, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba.

Babban shi ne wannan. Yaro wayo gare shi, muddin dama na aiki ba zai waiwayi hagu ba. Saboda haka ku ɗaure mata hannun daman, ku ajiye abin da take so a gabanta, kada ku sake shi sai ta gwada da hagun. Yadda ake ɗaurin da tsawon lokacinsa duk na zana a takarda ta biyu. Ka bi ta sau da ƙafa.

Cizo da jifa ba rashin kunya ba ne, bakin ne ya kasa faɗa jiki ke faɗa. Kada ka ɗaga mata murya. Na san ka.

Takardar likitan sai ƙarshen mako zan zauna in karanta ta a natse. An turo ƙofa, sai na ji daga gare ka.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kowa lafiya. Mu ma da sauƙi, sai Maman Kurciya da ke fama da ciwon baki, zan zo kansa.

Takarda ɗaya tak na tarar a ambulan. Na zazzage shi, na tare direba, ya rantse bai buɗe ba. Na ce to, ai ɗauri ba sai an zana wa kafinta ba.

Kujerar kwana biyu na yi ina yin ta, na goge ta da samfefa har ba inda zai ja zare. Cokali ma ya yi kyau.

Ranar Asabar da safe na zaunar da ita, na ɗaure hannun daman a jikin kujera da igiyar da nake ɗaure katako, na ajiye mata abinci. Ta yi ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce musu magani ne, umarnin asibiti. Ta yi ta fizga har igiyar ta ci fatar wuyan hannunta. Ta sunkuya za ta ci da baki kamar kyanwa, na janye kwanon. Da na matso in gyara mata zama sai ta kafa mini haƙora a babban yatsa, sai da na matse mata hanci sannan ta saki. Daga nan ta shiga buga ƙeyarta a jikin kujera, ƙum, ƙum, ƙum. Na sa tafina a bayan kanta ya riƙa shan bugun.

Rana ta take, rana ta karkata. Sai ga uwarta daga kicin da wuƙa za ta yanke igiyar. Ta ce, "Baban Kurciya, ko akuya ce ai a kwance ta ta sha ruwa."

Na ce, "Yaya ta ce kada a sake sai ta gwada."

Ta ce, "Ba Yaya ce ta yi naƙudarta ba. Matsa mini."

Na kama hannunta na murɗe, wuƙar ta faɗi. Ta shaƙe mini wuyan riga. Ban mare ta ba, Yaya, ture ta kawai na yi, amma bakinta ya haɗu da gefen ƙofa. Haƙori ɗaya ya fita, leɓe ya tsage.

To a nan abin ya faru. Kurciya na ganin jini a haɓar uwarta sai ta yi tsit. Na ga kafaɗar hagun ta ɗaga. Hannun nan da wata biyu bai motsa ba ya ja jiki a kan tebur, ya maƙale cokalin, ta wurgo mini shi. Bai iso ni ba, a gaban ƙafata ya faɗi. Amma da hagu ta jefa! Ni da kaina na yanke igiyar.

Kin ga dai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganinki ya ci. Na sake yi sau biyu a makon nan, sai dai yanzu ba ta ihu, ba ta jifa. Takan zuba wa bango ido ne kawai, har ta yi fitsari a zaune. Uwarta ta daina yi mini magana.

Na kuma ƙera mata abin wasa, allo mai ramuka da turaku da 'yar guduma ta katako, don hannun ya yi ƙarfi. Tana ganin gudumar ta sandare, ta shiɗe, sai da aka yayyafa mata ruwa. Ban san dalili ba. Na dai ɗauke.

Ki gaya mini abin da ke gaba.

Ƙanenki

*

Garwashi,

Gaisuwata ga Kurciya da mahaifiyarta. Taka tana hannuna, na riƙe ta tukuna.

Ka ƙona igiyar nan yau. Kwana goma sha tara takardarka ta yi a hanya, motar direba na gareji. Tun da na karanta nake lissafa sau nawa ka ƙara a cikin kwanakin nan, har abinci ya ƙi shiga bakina.

Takarda ta biyu a ƙarƙashin fayil na same ta a kan teburina. Ban sa ta a ambulan ba. Wannan laifina ne, kuma da shi zan kwana da shi zan tashi. Ga abin da ke cikinta: safa mai laushi, a zura mata a hannun dama kamar wasa, minti ashirin, uwarta na gefe tana mata hira. In ta yi kuka a cire. Shi ke nan. Wannan shi muke ce wa ɗauri a ɗakin nan. Shekara goma sha bakwai ina faɗin kalmar ga iyaye, ba wanda ya taɓa ɗauko igiya. Amma na manta wa nake rubuta wa, ni da nake yawo da tabon dutsenka a gira tun kana shekara tara.

Ka ce maganina ya ci. Kada ka sake jingina mini wannan. Yarinya ta ga an fasa wa uwarta baki ta nemi abin da za ta kare ta da shi, kai kuma kana tafi. Shirun da take yi yanzu ya fi ihun muni. Yaron da ya daina ihu ya fid da rai ne cewa wani zai zo.

Sai magana ta biyu. Na karanta takardar likitan. Ya rubuta cewa raunin zagayayye ne, ya lotsa ciki, faɗinsa kamar murfin kwalba. Na nuna wa likitan da ke aikin kai a nan, ban gaya masa 'yar wa ce ba. Bai ko gama karantawa ba ya ce, "Wa ya buge ta da guduma?"

Kai kafinta ne. Ka fi ni sanin katako tsawo gare shi da gefe, ba ya barin zagaye. Kuma yarinyar da katako ya faɗo wa ba ta shiɗewa don ta ga guduma. Sau ɗaya zan tambaye ka. Me ya sami Kurciya a shagonka?

Kada ka ƙara taɓa hannunta, na dama ko na hagu. Ka ba uwarta wannan takarda ta karanta.

Yayarka

*

Garwashi,

Ina gaishe ku. Mako biyar ke nan shiru. Direba ya ce ya tarar da shagonka a rufe, ya zura waccan ta ƙarƙashin ƙofa. Wannan na ce ya kai gida ya ba matarka hannu da hannu.

Maman Kurciya, in ke ce kike karantawa, ki ɗauko yarinyar ku zo wurina. Akwai ɗaki, akwai gurbi a asibiti. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, in san kuna raye.

Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, da maigida da yara. Ni ce Maman Kurciya. Muna raye. Bakina ya warke, sai gurbin haƙori. Ki yi haƙuri da shirun, ba ƙin amsawa aka yi ba, mai amsawar ne ba shi da hannun rubutu.

Takardarki mai tambayar nan bai ba ni ba. A aljihun wandonsa na tsince ta zan yi wanki. Sau uku na karanta ta a bakin famfo, ruwa na zuba ban sani ba. Na bar kayan a jiƙe na nufi layin shaguna.

Mai Walda, wanda shagonsa ke manne da nasa, shi ya ɗauko Kurciya a kafaɗa zuwa asibiti ranar nan, kuma tun ranar ba ya yarda mu haɗa ido. Na tsaya a kansa na ce, "Don girman Allah, me ya faɗo wa 'yata?"

Ya kashe inji, ya ɗaga baƙin tabaraunsa. Ya ce tartsatsin waldarsa ne ya ƙona wata ƙofa da Baban Kurciya ya gama, suka yi cacar baki, ya zagi Baban Kurciya, shi kuma ya wurgo masa guduma. "Ni na kauce," in ji shi. "Ban san tana bayana da kofin ruwa ba. Wata huɗu ke nan ina cewa ina ma ban kauce ba."

Kwanon rufi ne kawai tsakanin shagunan biyu, ashe Baban Kurciya yana jin mu. Ya fito da guntun katako. Bai dube ni ba. Ya sauke wa Mai Walda a kafaɗa, ya ƙara masa a kunne, jini ya wanke masa wuya. Suka rungumi juna suka faɗa cikin ƙarafa. Baban Kurciya ya hau ruwan cikinsa ya shaƙe shi yana cewa, "Wa ya aike ka? Wa ya aike ka?" Idon Mai Walda ya firfito. Yana lalube a ƙasa hannunsa ya faɗa kan rodi, ya maka masa a hannun da ke shaƙe da shi. Na ji ƙarar ƙashin kamar an karya rake. Ya ƙara. Sannan mutane suka ɓamɓare su.

Ina tsaye, Yaya. Ban ce a bari ba. Allah ya yafe mini, amma ban ce ba.

'Yan sanda sun kwashe su. Mai Walda ɗinki bakwai a kunne, kuma ya ce shi ya yafe, aka sallame su. Hannun daman ƙaninki ya karye wuri uku, likita ya ce yatsu biyu da wuya su sake lanƙwasawa. Na ce wa Baban Kurciya ba zai ƙara taka gidan nan ba muddin yarinyar na ciki. Bai yi musu ba. A shago yake kwana, ƙofa a rufe.

Ina yi mata safar yadda kika ce. Na ɗinka mata ido biyu da kunnuwa, muna ce mata Kyanwa. Kujerar kam ko ganinta ba ta so, na fitar da ita waje, a ƙasa muke zama. Jiya ta tono maɓalli biyu daga cikin wake da hagun, da ƙyar, tana gumi. Fitsarin ya ragu. Da na ce mata za mu je wurin Gwaggo sai ta ce, "Mu biyu?" Na ce mu biyu. Ta ci abincinta duka.

Za mu taso ƙarshen wata.

Ƙanwarki,
Maman Kurciya

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Na san baƙinki sun iso, Allah ya saka miki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Yau kwana uku ina kan takardar nan. Lafiyata ba abin tambaya ba ce.

Kin tambaye ni sau ɗaya. Guduma ce. Tawa ce, ni na jefa. Na ji ƙararta a kan yarinyar, na ga kofin yana juyi a ƙasa. Mai Walda ya sungume ta ya ruga. Ni kuwa kafin in bi su sai da na wanke gudumar, na jawo katako na kwantar a wurin. Wannan ne ƙanenki: 'yarsa na hannun maƙwabci tana zubar da jini, shi yana wankin guduma.

Na koma ofishin 'yan sanda na faɗa da bakina, har da na igiyar, har da na haƙorin. Sun rubuta. Za a kira ni gaban alƙali. Abin da ya yanke na karɓa.

Ranar da za su taso na zauna ɓalla maɓallan rigata da hagu. Rabin awa na yi a kan guda huɗu. Ba wanda ya ɗaure ni, ba yunwa nake ji ba, amma sai da na yi ƙwallo da benci. Ita awa tara na bar ta.

Uwarta ba ta hana ni zuwa tasha ba, ta dai ce in tsaya nesa. Na tsaya wajen mai faci. Kurciya na bakin taga, uwarta na gefenta. Da direba ya tada mota sai na kasa tsayawa inda aka ce. Na matso har jikin tagar na ce, "Kurciyata."

Ta dube ni. Ta dubi filastar da ke hannuna. Ba ta yi ihu ba, ba ta ɓuya ba. Damanta na riƙe da rigar uwarta gam, ba ta saki ba. Sai ta ɗago hagun. Yatsu uku suka buɗe, na gan su da idona, ta kama bakin gilashin ta tura. Ya ƙi. Ta ciji leɓe ta sake turawa, ya ɗan gusa. Uwarta ta kai hannu za ta taya ta, na girgiza mata kai, ta janye. A karo na uku gilashin ya tafi har ƙarshe, ya rufe a fuskata.

Ki sa wannan a fayil ɗinta. Yatsu uku, kuma ba wanda ya sa ta.

Ba zan zo ba sai ranar da ita ta ce in zo. In ba ta ce ba, kada ki roƙe ta.

Ƙanenki